Notin da Ya Karye a Rumfar Tamada

Duk wanda ya bi tsohuwar hanyar da ke gangarawa bakin ruwa a Wara zai wuce wata rumfar kwano a gindin dogon-yaro, ƙasarta ta yi baƙi ƙirin da tsohon man inji. Yanzu awaki ne ke shan inuwa a cikinta. A nan abokina Tamada ya yi kanikanci tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat, kuma a nan nake ganinsa duk lokacin da na tuna shi: gajere, mai faɗin kafaɗa, hula ta koma ƙeya, farcensa ba ya rabuwa da baƙin mai ko ranar Sallah.

An haife shi a wani gungu, wato tsibirin kogi, da ruwan dam ya shanye tun yana goye. Yakan ce in suna cikin jirgi da innarsa za su ƙetare, sai ta nuna masa wani wuri a tsakiyar ruwa ta ce nan ne ƙofar gidansu. Shi kuwa ya duba ya duba, ba ya ganin komai sai ruwa. Da injin jirgi ya fara wasa tun yana ƙarami, daga baya aka kai shi Yelwa ya koyi gyaran mota, ya dawo Wara ya kafa rumfarsa, ya auri Zakiyya. Mutum ne marar yawan magana. In ka tambaye shi abin da ke damun motarka, sai ya ce ka tada ta, ya tsaya ya karkata kai, sannan ya je ya ɗauko sifanar da ta dace ba tare da ya ce maka komai ba.

Akwai zamanin da rumfar nan ba ta rabuwa da mota. Masu ɗaukar kifi, masu akori-kura, direbobin Yelwa, duk nan suke tsayawa. Sai aka ɗauke tasha aka kai ta can sama bakin titi, sababbin kanikawa suka bi ta, motoci kuma suka bi su. An ce masa ya koma can, ya ce ba zai iya zuwa neman inuwa a gefen yaran da aka haifa a gabansa ba. Waɗanda ya koya wa aiki sun girma sun watse, wasu Kontagora, wasu sun ajiye sifana sun kama kabu-kabu. Bayan haka Allah ya karɓi ran Zakiyya. 'Yarsu tilo, Hamdiyya, tana aure a Shanga, ta yi ta roƙonsa ya dawo wajenta har ta gaji ta bari.

Amma kullum da safe sai ya share rumfar. Ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba, ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota yana kallon hanya. In la'asar ta yi ya tattara su, ya goge, ya mayar akwati. Sau da yawa yadda ya jera su haka yake kwashe su.

Mota ɗaya ce ta rage masa, ta Almustapha. Almustapha ɗan marigayi Wakili ne, aminin Tamada, wanda ya yi tuƙi tsakanin Wara da Yelwa har ƙarshen rayuwarsa. Ɗan ya gaji hanyar uban, yana ɗaukar kwandunan banda da fasinja, ya kuma gaji bakaniken uban. Duk ranar kasuwa kafin ya je lodi sai ya biyo ta tsohuwar hanya, ya tsaya, ya buɗe bonet ya ce, "Baba, duba mini ita." Tamada ya duba ruwa, ya duba mai, ya matsa fambel, wato igiyar robar inji, da yatsa. Almustapha kuwa yana jingine da ƙofa yana ba shi labarin tasha, wanda ya yi aure, wanda ya faɗa rami da lodin albasa. Ba ya daɗewa. Amma Tamada da wannan tsayuwar yake lissafin mako. Tun jajibirin kasuwa za ka ga ya wanke rigar aikinsa ya shanya.

A bazarar da nake magana a kai, Almustapha ya sayar da tsohuwar motar ubansa ya sayo wata doguwa ta Kwatano mai faɗin baya. Tamada ya zagaya ta, ya shafa, ya yi addu'a, amma da ya leƙa ciki sai ya ga injin a gicciye yake kwance, wayoyi sun lulluɓe shi, ba irin wanda ya saba ba. Ya rufe bonet. Ba a daɗe ba motar ta fara ɗigar da baƙin mai ta gefen taya. Washegarin wata kasuwa Almustapha ya kawo ta.

"Baba, tana fitsari a duk inda na ajiye ta. Har maƙwabta sun fara magana."

Tamada ya cire tayar gaba, ya cusa kai, ya shafo mai da yatsa. "Robar bayan fuli ta. Ta ƙone."

"Aikin yau ne?"

"Kafin azahar."

"To bari in gangara wajen matan banda, in ji nawa za su ba ni wannan makon." Ya miƙa masa makulli ya tafi.

Fuli shi ne faifan ƙarfen da ke jan fambel. Yana maƙale a bakin karanshaf, wato babban sandan da ke juyawa a cikin inji, kuma noti ɗaya ne rak ke riƙe da shi a tsakiya, dogo mai kauri. Ba a kaiwa ga robar da ke tare mai sai an cire shi. Notin nan kuwa ba ya kwancewa da ƙarfin hannu, don in ka murɗa, injin ne gaba ɗaya zai bi ka yana juyawa. Kanikawan zamanin Tamada suna da dabararsu da suke kira bugun sitata. Sai a ɗora sifana a kan notin, a zura mata dogon faif, a tokare faif ɗin da shasi, wato ƙarfen ƙasan mota, sannan wani ya shiga mota ya ɗan taɓa makulli ya saki. Inji na motsawa, sifana na tokare, noti sai ya saki da kansa. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a makulli, ɗaya a tsugune yana kallo. Tun da rumfar ta zama ba kowa, Tamada ya koyi yinsa shi kaɗai. Yakan ɗaure faif ɗin da waya tamau a jikin shasi don kada ya zame, sannan ya zagaya ya taɓa makulli da kansa.

Haka ya yi ranar nan. Ya zare wayar wuta don kada inji ya tashi, ya ɗaure faif, ya shiga, ya yi bisimilla, ya taɓa. Motar ta girgiza. Ya fito ya duba, noti bai motsa ba. Ya koma ya sake. Ya sake. A na ƙarshe ya ɗan riƙe makullin fiye da yadda ya saba, sai ya ji ƙas.

Har ya fara murmushi, amma kunnensa ya riga ya gaya masa gaskiya. Notin da ya saki yakan yi wani ɗan nishi. Wannan ƙarar gajeriya ce, irin ta busasshen ice. Ya tsuguna ya kwance waya, ya zaro sifana, sai ga kan notin a cikin bakinta, wurin karayar yana ƙyalli.

Ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu. Sannan ya ɗauko gawayi ya ja layi a jikin fuli har zuwa jikin inji, ya je ya ɗan taɓa makulli, ya dawo. Layin fuli ya gusa, amma ta hagu ya gusa. Duk injin da Tamada ya taɓa buɗewa tun yana Yelwa ta dama yake juyawa. Wannan hagu yake yi. Ashe duk bugun da yake yi ɗaure notin yake ƙara yi, har ƙarfen ya gaji. Da akwai wani a tsugune a wurin, tun bugun farko zai ga fambel ya tafi baya ya ɗaga murya.

Da Almustapha ya dawo yana cin gyaɗa, ya tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da motar.

"Baba, har an gama?"

Tamada ya buɗe masa hannu. "Na karya shi."

"Mi ka karya?"

"Notin fuli. Kansa ke nan. Jikinsa yana ciki."

Almustapha ya tsuguna ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ai tsohon noti ne. Wa ya san wahalar da ya sha kafin ya zo hannunmu."

"A'a. Ni na karya shi. Injin nan hagu yake juyawa, ban duba ba."

Almustapha ya zubar da sauran gyaɗar a aljihu. Ya kalli hanya, ya kalli mota. "Akwai wani a Yelwa, bayan kasuwa. Mutanen tasha sun ce irin waɗannan motocin kaɗai yake taɓawa. In anka ɗaura mata igiya..."

Bai ƙarasa ba, amma Tamada ya ji sauran. Ya san yadda abin yake. Motar da aka ja da igiya daga rumfarka zuwa rumfar wani ba ta dawowa, kuma direba yana tsayawa ne inda motarsa ke tsayawa.

"Ka bar mini ita zuwa jajibirin kasuwa," in ji shi. "In bai fito ba, ni da kaina zan ɗaura mata igiyar."

"In haƙoran ramin da notin ke shiga sunka lalace fa?"

"Sai an sauke inji an canza karanshaf."

Almustapha ya shafa ƙeya. An ga alamar yana so ya ce a'a. Amma ɗan Wakili ne, ba zai iya kallon idon abokin ubansa ya faɗa ba. Ya ce, "To, Baba. Allah ya ba da sa'a. Zan sa a zo mini da sabon noti daga Yelwa." Ya tafi a ƙasa, bai waiwayo ba.

Tamada ya zare fuli, ya wanke wurin da fetur. Ragowar notin ya karye ne can ciki, ya nutse kamar tsawon gaɓar yatsa a cikin ramin karanshaf, babu abin da filaya za ta kama. Ramin nan yana da haƙora a zagaye, waɗanda noti ke bi ya shige. Su ne abin tsoro. In suka gurje, ko an fitar da ragowar, sabon noti ba zai kama ba.

Ya fara da abin da ya sani. Ya ɗiga kananzir da man birki ya bar shi ya sha. Ya wasa wani siririn cizal, ya ɗora shi a gefen karayar, ya riƙa bugawa a hankali ta ɓangaren kwancewa. Aikin a zaune ake yinsa, kai a cikin gidan taya, wuya a lanƙwashe, zufa na shiga ido. Ya buga har azahar, ya yi salla, ya dawo. Washegari ma haka. Cizal ya yi ta zamewa, ƙarfen notin ya fi shi tauri, ba abin da ya samu sai 'yan ƙananan tabo. Wani bugun ya kauce ya daki gefen ramin, Tamada ya ajiye guduma ya shafa wurin da ɗan yatsa. Bugun bai taɓa haƙoran ba, amma saura ƙiris.

A nan ne ya lura da hannunsa. Ya daɗe da sanin yana ɗan rawa da safe, yakan ce sanyin ruwa ne. Yanzu ga shi rana tsaka, cikin zafin bazara, ya ɗaga cizal yana kallon tsininsa yana karkarwa kamar ganye. Akwai abin huda ƙarfe a akwatinsa, kuma ya san hanyar: a huda tsakiyar ragowar daidai, a zura ƙarfe mai murɗin hagu a fitar da shi. Amma hudar tana son hannun da ba ya motsi. Ya ɗauko abin, ya duba, ya mayar.

Ranar nan Hamdiyya ta kira shi a waya. Ta tambayi jiki, ta tambayi aiki. Ya ce aiki ya yi yawa, akwai mota a hannunsa yanzu haka. Ta yi murna, ta ce to kada ya wahalar da kansa. Bayan ta kashe ya ci gaba da riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci.

Hanyar ba ta da mutane sosai. Wani lokaci mata su wuce da kwanduna, wani lokaci Bafulatani da shanu za su sha ruwa. Su gaishe da ƙafafun da suka gani a ƙarƙashin mota, ƙafafun su amsa, su wuce.

Ana saura kwana kaɗan kasuwa, ya wanke hannu ya gangara bakin ruwa. Tun rasuwar Zakiyya bai taka wajen ba, don nan take da rumfar tuwo a da. A ƙarshen layin masu gyaran jirgi akwai Joshua mai walda, dogon mutum mai furfura, wanda ke liƙe wa masunta ƙarafa da ƙofofin gida. Sun san juna tun suna samari, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba.

Joshua ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi sama da ƙasa. "Tamada a bakin ruwa. Wa ya mutu?"

"Noti."

"Allah ya jiƙansa. Wa ya kashe shi?"

"Ni."

"Kai ne fa ka ce walda aikin ragwaye ne. Ka ce wanda ya kasa gyara shi ke liƙi."

"Na faɗa."

"A gaban mutane ka faɗa."

"To yanzu ba kowa. Ka zo ko ba ka zuwa?"

Joshua ya yi dariya har yana tari, amma ya riga ya fara naɗe wayar waldarsa. Suka ɗora injin waldar da janareta a amalanke, suka turo shi har rumfa, tsofaffi biyu suna haki, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ba ya turawa.

Joshua ya leƙa ramin ya yi tsaki. "Ya yi zurfi. In na sa wuta a nan, zan haɗe noti da karanshaf su zama abu ɗaya. Daga nan sai dai ka sayar da motar ga masu gwangwan."

Tamada ya riga ya yi wannan tunanin. Ya ɗauko wani guntun bututun jan ƙarfe da ya yanko daga tsohon firji, ya zura shi a ramin, ya zauna cif a kan ragowar notin ya rufe haƙoran. Walda ba ta kama jan ƙarfe. Joshua ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe da sauranka." Suka cire kan batir. Joshua ya kwanta a gefe ya riƙa ɗiga narkakken ƙarfe ta cikin bututun, ɗigo bayan ɗigo, yana tsayawa yana kakkaɓe datti, har ƙarfen ya taso ya kai bakin ramin. Saura a ɗora wani babban noti mai rami a kai a liƙe su tare, don sifana ta sami abin kamawa.

"Riƙe mini shi da filaya. Kar ya motsa."

Tamada ya riƙe. Notin ya riƙa kaɗawa a bakin ramin yana ƙas-ƙas. Ya ƙara matse filaya, abin ya ƙaru. Joshua ya tsaya yana kallon hannun. Ya liƙa a hakan. Da ya huce Tamada ya ɗora sifana ya ja, sai liƙin ya ɓalle, notin ya faɗo ƙasa.

Tamada ya ɗauke notin daga ƙasa. Can Joshua ya ce, "Laifin waldata ne. Janaretan nan ya tsufa." Ya tashi ya ɗauko wani dutse mai faɗi, ya ajiye shi a ƙarƙashin gidan tayar. "Ɗora gwiwar hannunka a nan. Ni ma haka nake yi yanzu, amma in ka gaya wa wani sai na ƙaryata."

Tamada ya ɗora, ya haɗa hannu biyu a kan filaya, ya riƙe numfashi. Wuta ta tashi, ya rufe ido yana jin tartsatsi na sauka a damtsensa, bai motsa ba. Wannan karon Joshua ya cika ramin notin taf har ya yi ja. Suka bar shi ya huce da kansa, ba ruwa. Da ya rage ɗumi Tamada ya goga kyandir a bakin ramin, ya narke ya bi ciki.

"Shiga ka sa ta a giya, ka taka birki da ƙarfi," in ji Tamada.

"Yau ni ne yaron mota?"

"Taka dai."

Joshua ya taka, karanshaf ya tsaya cak. Tamada ya ɗora sifana. Bai ja da ƙarfi ba. Ya ɗan matsa hagu, ya dawo dama, ya sake hagu, kamar mai girgiza haƙorin da ke shirin fita. Ya daɗe yana haka, ba alamar komai. Sannan ya ji ɗan nishin nan da ya sani. Ya tsaya, ya sake matsawa. Sifana ta tafi. Ya ajiye ta ya ƙarasa da yatsu, ragowar notin ta fito tana zafi, da dunƙulen walda a kanta kamar kan gauta.

Ya zura ɗan yatsa a ramin ya zagaya a hankali. Haƙoran suna nan lafiya, tun daga baki har ƙarshe.

"Ya fito?" in ji Joshua daga cikin mota. "Ƙafata ta mutu."

"Ya fito."

Suka zauna a inuwa suka sha ruwan randa. Tamada yana so ya ce masa ya ɗan ƙara zama, yana ta neman yadda zai faɗa, bai samu ba. Joshua ya miƙe ya ce akwai mai jirgi da ke jiransa tun safe. Ya tura amalankensa, gangara ce yanzu, ba ya bukatar taimako. Tamada ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana.

Jajibirin kasuwa Almustapha ya zo da sabon noti a leda, da igiya kuma a kafaɗa, wadda ya yi saurin jefawa bayan dogon-yaro da ya ga fuskar Tamada. Aka sa sabuwar roba, aka mayar da fuli, Almustapha ya taka birki aka ɗaure noti. Ya tada mota ta tashi lafiya. Suka tsuguna tare suna kallon ƙasa, ko ɗigo babu.

"Baba, wallahi na san za ka iya. Mutanen tasha har sun fara yi mini ta'aziyya."

Tamada yana goge hannu da tsumma. Abin da ya yi ta faɗi-tashi a kansa ya samu, motar ba ta bar rumfarsa da igiya ba. Ya san in ya yi shiru, ranar kasuwa mai zuwa za ta tsaya a nan kamar kullum. Amma ya ga hannunsa a kan filaya, ya kuma san mutum nawa motar nan ke ɗauka a kan hanyar Yelwa, da mata da goyo.

"Almustapha," ya ce. "Daga yau ka riƙa kai ta wajen mutumin nan na bayan kasuwa."

"Haba Baba. Don noti ɗaya?"

"Ban san injin nan ba. Kuma hannuna ba shi ne na da ba. Yau noti ne, gobe birki. Mi zan ce wa Wakili?"

Almustapha ya yi ta musu, ya ce ubansa bai taɓa kai mota wani wuri ba. Tamada ya bar shi ya gama. A ƙarshe Almustapha ya sunkuyar da kai ya ce, "To amma zan riƙa tsayawa. Ko ba gyara."

"Ka riƙa tsayawa."

Ya cika alkawari, ban ce bai cika ba. Kasuwannin farko yana tsayawa, ya sauko su gaisa, ya ba da labarin tasha. Amma hira ba buɗaɗɗen bonet gajeriya ce, su biyun sukan rasa inda za su ajiye idanunsu. Da damina ta sauka tsohuwar hanya ta yi taɓo, lodi kuma ba ya jira. Ya koma rage gudu ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Baba, ina kwana," ya wuce. Daga baya sai hon. Wani makon ma ta titi yake bi. Tamada bai taɓa faɗin wata magana a kansa ba. In na tambaye shi sai ya ce yaron yana da iyali, hanya kuma ba kyau.

Sau ɗaya, wajen ƙarshen damina, motar ta tsaya cike da fasinja. Almustapha ya sauko bai kashe ta ba.

"Baba, ba taɓawa za ka yi ba. Saurara mini kawai. Akwai wata ƙara, na kai ta Yelwa sun ce ba su ji komai ba."

Tamada ya taso a hankali, ya tsaya a gefen bonet ya karkata kai. Fasinjoji suna ta ƙorafin rana na yi. Ya sa aka ƙara wuta, aka rage. Sannan ya ce, "Ka ce musu su duba famfon ruwa. Bai mutu ba tukuna, amma yana hanya."

"Famfon ruwa. Na gode, Baba."

Ya shiga ya ja. Tamada ya ba ni labarin nan har sau uku, duk da ba mai maimaita magana ba ne.

Bai ga wata bazarar ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi bayan an girbe shinkafa. Hamdiyya ta zo ta ɗauke shi zuwa Shanga, wannan karon bai yi gardama ba, kuma a ɗakinta ya cika da hantsi, tana riƙe da kansa. Mutanen Wara da yawa ba su ji ba sai bayan an yi addu'ar uku. Allah ya yi masa rahama, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da mutanensa inda ba zai sake zama shi kaɗai ba.